Allah Ya Yi wa Maƙeran Kano Albarka: Gatarin Shiga Kwale-kwale

Jama'a, yau gatari zan yaba, kuma ba zan yi rowar yabon ba. Na san a nan Fagge in aka ce za a yi sharhi, hankalin kowa kan tafi ga sabuwar wayar da ta shigo titin Beirut, ko shaddar da aka sauke a Kantin Kwari, ko fim ɗin da ake ta cece-kuce a kansa. To ni nawa sharhin a kan wani guntun baƙin ƙarfe ne da aka cusa a kan ƙotar ice. Ba kwali, ba tambarin kamfani, ba takardar garanti. Amma wallahi cikin kayan da na mallaka babu wanda ya biya ni kuɗina ninkin-ba-ninkin kamarsa. Duk wanda zai shiga kwale-kwale ya kwana a daji bai riƙe irinsa ba, to shirinsa da saura.

Kada a ce a teburin mai sayarwa na gan shi na hau yabo. Mu wasu 'yan tsiraru ne, 'yan kasuwa da ma'aikata daga Fagge da Sabon Gari, da Allah Ya jarabce mu da son ruwa. In damina ta ɗauke, sanyi ya fara busowa wajen Nuwamba zuwa Disamba, sai mu bar wa yara shago, mu kama hanyar Gezawa da Gujungu mu sauka Haɗeja, daga nan mu nausa fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Can muke ɗaukar hayar kwale-kwale da mai tuƙa shi, mu bi ruwa, inda magariba ta riske mu mu nemi tudu mu kafa gidan sauro. 'Yan majalisarmu sun daɗe da yanke mana hukuncin taɓin hankali: wai mutum ya bar katifarsa ya kai wa sauro jikinsa, kuma da kuɗinsa. Su suka sani. Wurin da suke rainawa, tun shekarar 2000 duniya ta sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a duk Nijeriya. Baturiya da Dagona suka bi sahu a 2008. Tsuntsaye ma daga Turai suke tsallako Sahara su zo su yi hunturu a nan, balle mu da ke da mota daga Yankaba.

A wannan tafiya kaya kaɗan ake ɗauka. Kwale-kwale ba a-kori-kura ba ne, kowane kilo ka ƙara masa sai bakinsa ya ƙara kusantar ruwa, kuma duk Bakanon da ya tuna haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba ya wasa da lodin jirgi. Saboda haka kowane abu sai ya kare kansa kafin a ba shi gurbi. Rigar ruwa ta kare kanta, tukunya ta kare kanta, tocila da gidan sauro haka. Shi kuwa gatari ba ma a sa shi cikin wannan muhawara. Kafin a ɗauki shinkafa shi ake fara ɗauka.

Ga yadda yake, ga wanda bai taɓa duba shi da idon basira ba. Gatarin Turawa rami ne da shi a jikin ƙarfen, ƙota ke shiga cikinsa. Namu kuwa, irin wanda nake nufi, ƙarfen ne ke shiga cikin ƙotar. Ruwan gatarin faffaɗa ne a baki, ya riƙa tsukewa yana tafiya har ya zama siririyar wutsiya mai tsini, ita kuma ƙotar tana da dunƙulallen kai, wutsiyar ta huda shi ta leƙo ta baya. Shi ke nan. Ba ƙusa, ba noti, ba gam. To hikimar da ta sa nake cire wa magabata hula ita ce, duk saran da ka yi ƙara tura wutsiyar kake cikin ramin. Aikin da ke sassauta gatarin wasu, shi ke ƙara wa namu ƙarfin zama. Wanda ya fara tunanin wannan, tarihi bai bar mana sunansa ba, amma Allah Ya kai haske kabarinsa.

Ba kuwa abin mamaki ba ne a ce Kano ce ta iya wannan. Garin ma a kan ƙarfe aka kafa shi. Tarihin baka ya nuna maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, su ne Abagayawa, kuma har yau akwai sarautar Sarkin Maƙera. Wani Bature masanin Hausa, Philip Jaggar, ya zauna da maƙeran birni har ya fitar da littafi sukutum a kansu a 1994, inda ya yi bayanin maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu kayan ado. Ɗan Ingila ya ga abin rubuta littafi, mu kuwa muna wuce su a hanya muna toshe kunne saboda ƙarar masaba.

Yanzu ba a narka tama. Abin da ya maye gurbinta shi ne tsohon ƙarfen mota, kuma a nan zaɓen gatari ke farawa. In ka shiga kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Abubakar Rimi, ko ka gangara Kurmi wajen masu kayan ƙira, za ka tarar da gatura jibge, duk baƙaƙe, duk kama ɗaya a ido. Ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka buga da ƙarfe mai taushi, irin na rodi ko falankin banza, ya yi kyau a tebur, amma ka sari busasshiyar bagaruwa da shi sau biyar bakinsa ya lanƙwashe. Akwai kuma wanda aka buga da sifirin mota, wannan ƙarfen da ya yi shekaru yana ɗauke da nauyin lodi yana lanƙwasa yana miƙewa bai karye ba. Shi ake nema. In kana da hali ma, ka je Ƙofar Ruwa da kanka ka sayi guntun sifirin, ka kai wa maƙeri ka ce ga abin da kake so.

Haka na yi da nawa, kuma ranar da aka ƙera shi na ga abin da har yau nake ba da labarinsa. Dattijon maƙerin ya karɓi ƙarfen, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera ya saurara, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, faskare za ka yi ko daji za ka shiga?"

Na ce, "Baba, ruwa za mu shiga da shi, a kwale-kwale."

Ya ce, "To ba babba za a yi maka ba. Babba na masu faskare ne. Kai wanda za ka sara da hannu ɗaya in ta kama, shi za a yi maka."

Yaronsa ya hau zuga-zugi, gawayin kirya ya ɗauka, wuta ta yi fari. Na tsaya ina kallon guntun motar da aka yar a bola yana zama gatari a gabana: a ciro shi jawur da awartaki, a bi shi da masaba, ya fara duhu a mayar da shi wuta. Aka buɗa bakin, aka ja wutsiyar. Wurin da dattijon ya hana kowa magana shi ne wajen tsoma shi. Bakin kaɗai ya tsoma, ya ciro, ya goge shi a dutse, ya tsura wa launin da ke gudu a kan ƙarfen ido, sannan ya sake tsomawa. Abin da yake nema ke nan: baki mai tauri da zai riƙe kaifi, jiki da wutsiya masu ɗan sauƙi da ba za su tsinke ba. A masana'antun duniya na'urar auna zafi ke yin wannan aiki. Shi da ido ya yi, a rumfar da ko fanka babu.

In ba ka sami halin tsayawa a kan naka ba, ga yadda za ka gane na ƙwarai a kasuwa. Ka riƙe shi ta wutsiya da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa masa wani ƙarfe. Mai kyau zai yi ƙara siririya mai tsawo, mai tsaga a ciki kuwa sai ka ji ta mutu nan take. Ka roƙi aron magagari ka goga a bakin. In magagarin ya ci shi ba wuya, ƙarfen ya yi taushi. In ya zame bai kama komai ba, ya yi tauri da yawa, ranar sanyi zai ɓalle maka a kan kulli. Wanda magagari ke kamawa da ƙyar, shi ne naka. Sai ka ɗaga shi saitin idonka ka duba ko bakin da wutsiyar suna kan layi ɗaya. Mai sayarwa zai ce maka duk ɗaya ne, sai ka yi murmushi ka ci gaba da dubawa. Nauyi kuma kada ƙarfen ya kai kilo guda. Tsakanin rabin kilo da kashi uku cikin huɗu na kilo ya ishi tafiyar ruwa.

Sai ƙota, kuma a nan zan daɗe, don mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Su kashe awa guda suna zaɓen ƙarfe, su karɓi duk sandar da aka miƙo musu. Alhali rabin gatarin nan ƙota ne. Tun da ƙarfen a cikin kanta yake zaune, kowane sara neman tsaga ta yake yi, don haka dole kan ya zama wurin da jijiyoyin icen suka murɗe suka cakuɗe: mahaɗar reshe da uwa, ko wajen gindi kusa da saiwa. Masassaƙin da ya san aikinsa ba ya yanko miƙaƙƙen reshe ya fere masa kai. Nemo reshen da Allah Ya riga Ya dunƙule wa kai yake yi. Ka duba kan da kyau. In ka ga layukan icen sun miƙe sambal daga sama har ƙasa, ajiye ta, ba za ta kai ka fadama ba. In ka ga sun karkace sun nannaɗe, rungume ta.

Wane ice? Marke da aduwa su ne gwanayena, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya, marke zan ɗauka ido rufe. Yana da tauri, yana da juriya, ba ya saurin tsagewa, ya kuma iya shan dukan da ba zai dawo maka da shi cikin gwiwar hannu ba. Kirya ta fi kowa tauri, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, amma tana da nauyi a tafiyar da ake ƙirga kilo. Darbejiya tana ko'ina kuma ga araha, za ta yi maka maleji in ba ka sami wani ba. Ko wane ice ne, ya zama busasshe ƙarau. Ɗanya in ta bushe a hannunka ramin zai buɗe, ƙarfen ya fara rawa. Tsawo kuwa kamu guda da taƙi, wajen santimita 65 zuwa 70. In ta fi haka za ta dame ka a cikin jirgi, in ta gaza haka za ta kawo bakin gatarin kusa da ƙaurinka fiye da yadda kake so.

Sa ƙarfe a ƙota shi ma abin kallo ne. Ana gasa wutsiyar ta yi ja, a dasa ta a kan ƙotar, hayaƙi ya turnuƙe, ƙamshin ƙonannen marke ya cika rumfa. A zare, a sake gasawa, a sake dasawa, kaɗan-kaɗan, har tsinin ya kusa leƙowa. Gwani ba ya bari wuta ta gama masa aikin. Yana tsayawa tun ramin na matse, ya bar ƙarfen ya huce, sannan ya doka shi ya zauna daram. Da dattijon ya miƙo mini nawa na riƙe, sai na ji ya kwanta a hannuna kamar muciya a hannun uwargida. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba.

To, a ruwa fa? A ruwa ne ya nuna ko shi wane ne.

Wanda ya san fadamun nan a da, ya san ba haka suke ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza. Ambaliyar da kan zo da ƙarfi ta wanke hanyoyi ta ragu, wasu wuraren kuma da kan bushe da rani suka koma ba sa rabuwa da ruwa. Ciyawar kachala ta sami abin da take so, ta toshe mashigai, ta mayar da manyan hanyoyin jirgi 'yan lunguna. Ita kachala ba aikin gatari ba ce, wannan sai adda da lauje, kuma ban zo in ɗora wa gwanina abin da ba nasa ba. Amma in hanya ta zama lungu, reshe ɗaya ya faɗo ya gitta, shi ke nan an tsaya. Ba inda za ka kewaya, hagu kachala, dama kachala.

Wata safiya muka ci karo da irin wannan, wani busasshen reshen bagaruwa mai kaurin cinyar ƙato ya kwanta a kan hanya, rabinsa a ruwa. Mai jirginmu, wani dattijon masunci da ba ya yawan magana, ya gwada shi da gorar tuƙi, ko gezau. Ɗansa ya zaro adda ya sara, addar ta yi tsalle ta dawo. Sai ya waiwayo.

"Malam, miƙo ɗan Kanon nan naka."

Ya sauka ruwa iya ƙugu, ya kafa ƙafa, ya fara. Sara ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, ɓarɓashin ice ja yana tashi yana faɗawa cikin jirgi. Siririn bakin nan yana nutsewa cikin bagaruwa, ga nauyin kan ƙotar yana bin bayansa yana ƙara masa ƙarfi. Kafin shayin da ke hannuna ya huce reshen ya rabu biyu. Ya ɗauraye gatarin, ya shafa babban yatsa a bakin, ya jinjina kai.

"Wanda ya buga wannan ya san ƙarfe. In ka koma ka gaishe shi."

Jama'a, ni da ba ni na ƙera ba sai da na ji kaina ya yi girma. Masunci ba ya yabon kayan ɗan birni haka kawai.

Daga nan har magariba aikinsa ba ya ƙarewa. Shi ke fere turken da za a ɗaure jirgi, shi ke fitar da turakun gidan sauro da na tamfol, shi ke tsaga icen da zai dafa shinkafa ya gasa karfasa. In an dace da babbar tarwaɗa mai taurin kai, da shi ake raba kan. In jirgi ya fara yoyo ta wata kafa, da shi ake sassaƙa 'yar ƙusar ice a nannaɗe ta da tsumma a toshe. Da asuba kuwa, lokacin da raɓa ta jiƙa komai, ashana ta ƙi kama ƙirare, sai ka tsaga ice ka ciro busasshiyar zuciyarsa, ka fere ta siri-siri, nan da nan wuta ta tashi. Wanda ya taɓa yin alwala da ruwan fadama a watan Disamba ya san darajar wannan wutar.

Amma abin da ya sa na ce ba shi da na biyu bai zo ba tukuna. Wani abokin tafiyarmu ya taɓa zuwa da gatarin kanti, irin mai sheƙi da ƙotar roba mai launi, ya yi ta yi mana tsiya wai mun zo da kayan zamanin jahiliyya. Ana cikin faskare ya kuskure, wuyan ƙotar ya doki ice, ta tsage. Ƙarshen zance ke nan. An manne ta da ƙarfen tun daga masana'anta, ba mai iya cire ta a daji, ya zama kaya kawai ana yawo da shi. Namu kuwa ranar da ƙota ta gaji ta tsage, ba wanda ya tayar da hankali. Masuncin nan ya shiga cikin itatuwa ya dawo da busasshen reshe mai kulli, ya riƙe ruwan gatarin tsirara a hannu ya sassaƙe reshen da shi, ya tura wutsiyar cikin garwashin da muka dafa abinci, ya huda, ya doka. Kafin la'asar gatari ya koma bakin aiki. Gatarin da ke sassaƙa wa kansa ƙota! Ku gaya mini wane kamfani ne ya taɓa yin wannan.

Ba a nan ya tsaya ba. In ka tafi da ƙota ta biyu wadda aka huda raminta a gicciye, sai ka doki tsinin wutsiyar ta baya ƙarfen ya fito, ka mayar da shi can, ya zama gizago. Ƙarfe ɗaya, aiki biyu. Da shi za ka gyara filafilin da ya tsage, ka daidaita katakon zama. Cirewar nan kuma tana da wani amfani da duk ɗan Kano zai gane. A garin da 'yan daba suka ɓata wa gatari suna, ba mai hankalin da zai ratsa France Road da shi a kafaɗa, ko ya shiga motar haya da shi tsirara. Ka cire ƙarfen ka naɗe shi a tsumma cikin kayan girki, ƙota ta bi tabarma, ba ka tsorata kowa ba, ba ka yanki buhun kowa ba. In jami'an tsaro sun tambaya a hanya, ka buɗe ka nuna musu, ka faɗi inda za ka da abin da za ka yi.

Na san masu bin intanet za su ce ai akwai na Suwidin. Akwai, kuma ba na raina su. Mutanen Kanada da arewacin Amurka, waɗanda shiga daji da ƙaramin jirgi ya zame musu al'ada, suna ji da gatarin Gränsfors Bruk kamar me, kamfanin da ke aiki tun 1902, da na Hults Bruk da ya faro tun 1697. Na taɓa riƙe ɗaya, abin ya yi kyau, ba ƙarya. Sun fi mu a abu biyu. Nasu yana da faffaɗar ƙeya da za ka doka turke da ita, namu sai dai ka sassaƙa gudumar ice. Nasu kuma ya fi iya buɗa babban gungume, namu siriri ne, yakan maƙale in icen ya yi kauri sosai. To amma ɗaya daga cikinsu ya haura dala ɗari, ka lissafa da canjin Wapa ka ga gatura nawa za ka saya a Kurmi. In kuma ya suɓuce ya nutse a Marma, ranar ba mai iya rarrashinka. Ƙotarsa ta hikori ce, icen da ba ya tsiro a ƙasarmu, kuma zaunar da ita cikin ramin ƙarfen aiki ne na mai kayan aiki. Su don dajinsu aka yi nasu. Namu don namu aka yi shi.

Abu ɗaya dai na Suwidin ɗin nan ya tsaya mini a rai: kowane maƙeri a Gränsfors yana buga haruffan sunansa a jikin gatarin da ya ƙera. Mai saye a wata nahiya ya san hannun da ya yi masa aiki. Mu kuwa dattijon da ya iya karanta launin ƙarfe da ido, kayansa na kwance a tebur ɗaya da na mai buga rodi, ba abin da ya bambanta su, farashi ɗaya ake taya su. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma ita ke sa 'ya'yan maƙera suna barin maƙera suna kama Adaidaita Sahu.

Kula da shi ba wuya, amma ruwa ba ya yafiya. Ka sa baduku ya ɗinka masa kube na fata mai kauri, in babu ka tsaga tsohuwar tiyo ka rufe bakin ka ɗaure da roba. A cikin jirgi ka kwantar da shi a ƙasa, ka ɗaure shi da igiya a jikin katako, don in jirgi ya tangaɗa ƙarfe ba ya iyo. Kowane dare ka goge shi ka shafa masa man gyaɗa ko man kaɗanya, in ba haka ba ka wayi gari ya yi ja da tsatsa. Ka tafi da ɗan magagari da ƙaramin dutsen washi. In iskar hunturu ta busar da ƙota ƙarfen ya fara motsi, ka doka shi ya koma, ka ɗan tsoma kan a ruwa, icen zai kumbura ya kama.

Sara kuma da ladabinsa. Gajeren gatari in ya kuskure ice, ƙafa yake nema, don haka in za ka tsaga ice a ƙasa ka durƙusa, in ya zame ya ci ƙasa. Ba a sara da silifas. Ba a sara bayan magariba, komai ƙarancin icen, gara a ci gari da ƙuli. Ka duba sama da bayanka kada reshe ko igiyar tamfol ta kama shi, ka kori kowa ya matsa. Ka tuna inda kake: tsakaninka da mai ɗinkin rauni akwai tuƙin sa'o'i kafin ma a kai bakin titi. Dakusasshe kuma ya fi mai kaifi haɗari, don shi ke tsalle daga kan ice.

Sai maganar da ba na so masoyin gatari ya tsallake. Mu Hausawa muna cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. A kan mutum mai ƙashin arziki maganar gaskiya ce, amma a kan bishiyar fadama kada wanda ya ɗauke ta fatawa. Duk wanda ya bi hanyar nan ya ga motocin ice suna fitowa shaƙe suna nufar birane, har da namu, kuma wuraren da dattawa ke cewa da kurmi ne yanzu fili ne fetal. Mu ƙa'idarmu busasshe kawai, wanda ya riga ya faɗi. A Baturiya da Dagona kuwa wuri ne da doka ta kare, akwai ma'aikata, sai ka nemi izini kafin ka shiga, gatarinka kuma ya zauna a kubensa. Ko a wajen nan, in ka sauka kusa da gari ka fara gaida mai gari ko Sarkin Ruwa, su za su nuna maka inda za ka ɗebi ice da inda ba a taɓawa.

Hukuncina dai ba ɓoye-ɓoye: a kaifi ya ci, a sauƙin ɗauka ya ci, a gyaruwa cikin daji ba shi da abokin karawa, a farashi kuwa har kunya nake ji in faɗi abin da na biya. Maƙeranmu, don Allah ku fara buga alamarku a jikin kayanku, ko da ɗigo uku ne, mu san na wa za mu nema. Kai kuma mai karatu, in Allah Ya nufe ka da wannan tafiya a sanyin bana, ka nemi sifirin, ka nemi marke mai kulli, ka sa a yi maka ƙota biyu. In dattijon ya faɗi kuɗinsa, ka biya shi yadda ya faɗa, ka ƙara wa yaron zuga-zugi na shayi.